Zariya: Wuraren Tarihi da Al'adun Ɗalibai

Zariya birni ne a arewacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 80 daga garin Kaduna a kan hanyar Kano, kuma a nan fadar masarautar Zazzau take, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. An san ta da karatu ta fuska biyu. A cikin ganuwa akwai zaurukan malamai, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karanta fiƙihu da nahawu da lugga. A Samaru kuwa, tafiyar kilomita kusan 15 a kan hanyar Funtuwa, akwai babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai Tudun Wada da Sabon Gari da Kongo da Wusasa, kowace unguwa da makarantunta da dalilin kafuwarta. Mai son fahimtar garin dole ya bi su duka, domin wuraren tarihinsa da al'adun ɗalibansa ba a waje ɗaya suke ba, kuma ba zamani ɗaya ya haife su ba.

Kafuwar birni da ganuwa

Kafin a zauna a inda birnin yake a yau, sarautar Zazzau ta yi zama a Turunku, kudu da Zariya, ta kuma yi zama a gindin dutsen Kufena da ke yamma da gari. Tarihin baka ya nuna cewa Bakwa Turunku ne ya dawo da gadon sarauta wannan wuri a wajajen 1536, aka kuma sa wa garin sunan 'yarsa Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina. Masana ba su haɗu a kan zamanin Amina ba, wasu suna kai ta ƙarni na 15, wasu na 16, amma sunanta ya bi ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa, har ana ce musu ganuwar Amina, kuma kirarinta, Amina 'yar Bakwa ta san rana, bai ɓace daga bakin mutane ba.

Ganuwar Zariya ta ƙasa ce, kewayenta ya kai kilomita 14 zuwa 16, kuma an fi lissafa mata ƙofofi takwas: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Galadima da Ƙofar Bai. Magina na da sun bar fili mai yawa a cikin ganuwar, da gonaki da kududdufai da dutsen Madarkaci, domin idan yaƙi ya tsananta aka rufe ƙofofi mutane su sami abin ci da ruwan sha. Yawancin ganuwar ta zube. Ruwan sama ya ci wani ɓangare, masu ɗibar ƙasar gini sun ci wani, gidaje kuma sun hau kan saura, ta yadda a wurare da yawa sai wanda ya san wurin ne zai gane cewa tudun da yake takawa ganuwa ce. Ƙofofin da aka sake ginawa da siminti suna nuna inda mashigar take, ba yadda take a da ba.

Kufena ya fi ganuwar sa'a, domin dutse ba ya zaizayewa. A gindinsa har yanzu ana ganin alamun tsofaffin ganuwoyi, kuma ƙungiyoyin ɗalibai sun mayar da hawansa al'ada, musamman a ƙarshen mako da lokacin hunturu, inda daga samansa ake hango birni da Wusasa da gine-ginen Samaru a lokaci guda.

Fada da Masallacin Juma'a

A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci Zariya, Sarki Makau ya fita ya nufi kudu, kuma daga cikin 'yan'uwansa ne Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda a yau ake kira Suleja. Daga nan sarautar Zazzau ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Daga cikin sarakunan ƙarni na 20 akwai Aliyu Ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙi wanda Turawa suka tuɓe a 1920 suka kai shi Lakwaja, da Ja'afaru Ɗan Isiyaku (1937–1959), da Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan gado daga 1975 zuwa 2020. Wanda ya gaje shi, Ahmad Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa ya fito. Abin lura ga batun ilimi shi ne, a cikin masu zaɓen sarki biyar na Zazzau, biyu limamai ne, Limamin Juma'a da Limamin Kona, suna zaune tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami.

Ƙofar fadar, da adon launuka da zane-zanen da aka yi wa fuskarta, ita ce hoton da aka fi sanin Zariya da shi. A filin da ke gabanta ake hawan Sallah da hawan Daushe, hakimai suna zuwa da dawakansu suna jinjina, kuma a ranakun ne ɗaliban da suka zo daga kudancin Nijeriya da ƙasashen waje suka fi shiga birni.

Ginin da ya fi kowane daraja a wajen masana gine-gine shi ne Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya hau gado a 1834, kuma maginin da ya jagoranci aikin shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da tubali da ƙasa da azara kawai ya tayar da manyan ginshiƙai, ya ɗaura bakan gizo daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya ɗora tulluwa a kansu. Dabarar tana cikin yadda ake jera azara: ana dasa guntaye a jikin ginshiƙi, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana shafe su da ƙasa, har hannu biyu na bakan su haɗu a sama. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma tsawon da za ta iya ɗaukar nauyi kaɗan ne, shi ya sa faɗin ɗakin da Babban Gwani ya rufe ya zama abin mamaki. Ya kuma yi wa ginshiƙan ado da zanen da aka tayar a jikin ƙasa tun tana ɗanya. A asali harabar masallacin tana da zaurukan alwala da ɗakin shari'a. Ana ba da labarin cewa daga baya ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani irinsa. Labari ne na baka, kuma ana ba da makamancinsa game da gwanayen magina a ƙasashe da yawa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar gini, kuma akwai unguwa a birni mai ɗauke da sunansa.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon gini na kankare, aka bar ɗakin salla na ƙasa a ciki. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na rufin ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar, mutane da dama suka rasu, daga nan aka shiga shirin sake gina masallacin. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da duba indararo kowace shekara, kuma magina masu wannan sani suna ta raguwa, matsalar da ta shafi tsofaffin soraye da yawa a cikin birni.

Karatun zaure

Tsofaffin ɗaliban Zariya ba su san aji ko takardar shaida ba. Unguwanni irin su Kona da Juma da Kwarbai sun yi suna da gidajen malamai, kuma garin ya shahara musamman a nahawu da lugga, har masu neman ilimi daga Kano da Katsina da Bauci da ƙasar Nufe sukan zo su zauna shekaru don su goge Larabcinsu. Yaro yakan fara da allo, daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa haddatu, yana wanke allonsa yana sake rubutu da tawada da alƙalamin kara, har ya kai ga sauka, ranar da ake yi masa allon zayyana a yi walima. A tsangaya kuma akwai matakai sanannu, ƙolo da titibiri da gardi, har zuwa alaramma.

Bayan sauka ne ake shiga karatun littattafai, kuma tsarinsa ya bambanta da na boko ƙwarai. Malam yana zaune a kan buzu a zaurensa bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ɗalibai sun kewaye shi, kowa riƙe da littafin da yake ciki. Idan layi ya zo kan mutum sai ya ja baƙi, wato ya karanta guntun jimla da Larabci, malam ya fassara da Hausa, ya ƙara bayani inda ya ga dama, a ci gaba har malam ya ce ya isa. Sauran suna saurare, don haka a fiƙihu mai Ahalari yana tsintar wani abu daga karatun mai Risala, a nahawu kuma mai Ajuruma yana jin na mai Alfiyya tun kafin ya kai can. Babu jarrabawa, babu ranar gamawa. Wanda ya sauke littafi sai ya ɗauki na gaba, ko malam ya tura shi wurin wani malamin da ya fi ƙwarewa a fannin. Alhamis da Juma'a hutu ne. Ɗalibin da ya zo daga nesa yakan sauka a shagon gidan malam ko na wani mai hali a unguwa, yana ɗinkin hula ko wata 'yar sana'a yana ciyar da kansa. Wannan tsari yana nan da ransa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga malamin jami'a ko ɗalibin shari'a daga Kongo ya cire takalmi a ƙofar zaure da yamma ya zauna a sahu ɗaya da tela da ɗan kasuwa.

Bayan ganuwa

Turawa sun shiga Zariya a 1902, kuma cikin shekara goma jirgin ƙasa ya iso, garin ya zama mahaɗar layin Kano da na Jos, daga baya da na Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Sabon Gari ya tashi kusa da tasha domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, Tudun Wada kuma ta tashi a bakin Ƙofar Doka. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, ya zauna a cikin birni tun 1905 yana magani yana koyar da boko, har a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a gindin Kufena. A can aka gina Cocin Saint Bartholomew da ƙasa, bisa salon ginin Hausa, da bakan gizo kamar na soron sarki, kuma yana tsaye har yau. Ƙaramar al'ummar Wusasa ta fitar da mutanen da suka yi fice fiye da girmanta, cikinsu har da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Janar Yakubu Gowon, wanda a nan ya tashi.

Ga mai karatun Hausa, babu wurin da ya kai unguwar Tukur-Tukur muhimmanci. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, ita ce ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, kuma a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa a Tukur-Tukur, sannan kamfanin NNPC na buga littattafai ya biyo baya a 1966. Mafi yawan ƙa'idojin rubutun boko da ake bi a yau a waɗannan ofisoshi suka fara zama da gindinsu.

A kan hanyar Gaskiya ne kuma Kwalejin Barewa take. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka a Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello sun yi ta tun tana Katsina, Shehu Shagari ya yi ta a Kaduna, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa a Zariya. Akwai kuma Kwalejin Alhudahuda, da Makarantar Soja ta yara da aka buɗe a 1954, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta 1964, wadda ƙananan jiragenta suke shawagi a kan garin kusan kullum.

Jami'ar Ahmadu Bello

Jami'ar ba a fili fetal aka kafa ta ba. Tun 1922 akwai tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1928 aka buɗe gonar kiwo a Shika, a Kongo kuma akwai makarantar horar da akawuna wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sannan akwai reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 a kan ilimi mai zurfi, gwamnatin Jihar Arewa ta tattara waɗannan cibiyoyi, ta haɗa da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka buɗe jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi 4 da sassa 15 da ɗalibai 426. Sardauna Ahmadu Bello ne uban jami'a na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand, shi ne shugabanta na farko, sai Ishaya Audu, wanda ya yi karatu a Wusasa, ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar. Kwalejin Kano ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

A Samaru, wuraren da baƙo ya fi lura da su su ne dogon ginin majalisar jami'a, da Laburaren Kashim Ibrahim, da filin yaye ɗalibai, da madatsar ruwa da aka yi a kan rafin Kubanni. Sashen tarihi, wanda Abdullahi Smith ya gina, ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa daga gidajen malamai, kuma a nan ne karatun zaure da na boko suka fi kusantar juna. Cibiyar binciken makamashi tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, ita ce irinta ta farko a Nijeriya. Asibitin koyarwa yana Shika, tsangayar shari'a da ta aikin mulki kuma suna Kongo.

Masu zane da masu wasan kwaikwayo

Al'adar ɗalibai ta farko da ta fitar da sunan Zariya waje ta girmi jami'ar kanta. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya domin nuna rashin gamsuwa da manhajar da malamansu Turawa suke koyarwa, wadda ba ta san da zanen gargajiyar Afirka ba. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun Turai, amma a ɗebo siffa da jigo daga gida. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, sai dai mambobinta, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya, su ne suka zama jagororin zanen zamani a Nijeriya. Lambun gumaka da ke kusa da sashen, inda ɗaliban ajin ƙarshe suke barin ayyukansu na siminti da ƙarfe, yana daga cikin wuraren da aka fi ɗaukar hoto a harabar.

A tsakiyar shekarun 1970 aka gina dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda Steven Ehrlich ya tsara bisa fasalin gidan Bahaushe, da ɗakuna zagaye da fili a tsakiya, ba tare da labule ko dakalin da ya raba 'yan wasa da 'yan kallo ba. Daga wannan dandali Michael Etherton da abokan aikinsa da ɗalibansu suka fito da wani salo: a shiga ƙauye ko unguwa, a zauna da mutane a ji damuwarsu, a shirya wasa a kanta, a nuna shi a dandalin garin da harshen mutanen. An yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka biyo da na Maska da na Bomo, kuma fita cikin unguwannin Samaru ta zama wani ɓangare na karatun ɗaliban sashen. Salon ya bazu zuwa wasu jami'o'in Afirka, ƙungiyoyin wayar da kai kuma suka ɗauke shi.

Zaman ɗalibai

Sunayen gidajen kwanan ɗalibai tarihi ne a kan kansu. Amina na mata ne. Ɗanfodiyo da Ribaɗu da Alexander sunayensu sun bayyana kansu. Akenzua ya samo suna daga Oba na Benin wanda ya zama uban jami'a bayan rasuwar Sardauna. ICSA kuwa sunan hukumar da ta riƙe kadarorin haɗin gwiwa na Arewa ne bayan an raba ta jihohi, aka gwama shi da Ramat, wato Murtala. A Kongo akwai Ali Akilu da Tafawa Ɓalewa. Gidan da mutum ya kwana yana bin sa har tsufa, domin tsofaffin ɗalibai idan suka haɗu, bayan an tambayi shekara da sashe, abin da ke biyowa shi ne wane gida.

Waɗanda suka yi karatu kafin tsakiyar shekarun 1980 suna tuna zamanin da ake cin abinci sau uku a ɗakin cin abinci da tikiti mai rahusa. Bayan an janye wannan tallafi sai risho da tukunya suka shiga ɗakuna, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli suka zama abincin ƙarshen wata, ɗalibai kuma suka ƙirƙiro lissafinsu na sifili da ɗaya, inda ɗaya-sifili-ɗaya ke nufin a karya, a tsallake rana, a ci da dare. Gadaje sun yi kaɗan ga yawan jama'a, don haka ɗakin mutum huɗu yakan ɗauki ninkin haka, mai gado ya sauki abokinsa, abokin ma wani lokaci ya sauki nasa. Idan jarrabawa ta matso, azuzuwa ba sa mutuwa da dare. A cikin hunturun Disamba da Janairu, wanda a Samaru yake da tsanani, za a ga ɗalibi da rigar sanyi da hular sanyi da safa, da fulas ɗin shayi a gefe, ya kama kujera tun bayan isha'i da niyyar sai kiran assalatu.

Shekarar karatu tana da bukukuwa biyu na hukuma, rantsar da sababbin ɗalibai da yaye waɗanda suka gama, duka da doguwar riga da hula mai tunku. Tsakaninsu akwai waɗanda ɗalibai suka ƙirƙira wa kansu. Sabon shiga yana shan tsokana da sunan da aka samo daga JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, kuma ana gane shi da yawan tambayar hanya da rungumar fayil. Mai fita kuwa, ranar jarrabawarsa ta ƙarshe yakan sa farar riga, abokai su cika ta da sa hannu da addu'o'i. Ƙungiyoyin jihohi da na ƙananan hukumomi da na harsuna suna shirya ranakun al'ada, kuma a Makon Hausa akan yi kacici-kacici da waƙa da wasan kwaikwayo, a naɗa wa ɗalibai rawani da sarautu irin na fada. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tana da ƙarfi ƙwarai, da darussa a masallatan gidajen kwana da tafsiri da buɗa-baki a watan azumi. Daga cikinta ne Ibrahim Zakzaky ya fito a ƙarshen shekarun 1970, lokacin yana karatun tattalin arziki. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista su ma suna cika majami'un harabar. A fagen wasanni jami'ar ta yi suna a ƙwallon kwando, saboda aikin shekaru masu yawa na koci Oliver Johnson, ɗan asalin Amurka.

Gwagwarmaya

A shekarun 1970 da 1980 an san Samaru da zafin muhawara. Malamai irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur da Patrick Wilmot sun sa lacca ta zama taron da ake cika ɗaki har taga, ana sukar mulkin soja da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da manufofin tsuke bakin aljihu. Wilmot, ɗan asalin Jamaika, gwamnati ta kore shi daga ƙasar a 1988.

Sau biyu wannan zafi ya kai ga zubar da jini mai yawa. A watan Afrilu na 1978 ɗaliban Nijeriya suka tashi saboda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Bayan an kashe ɗalibi a Legas sai zanga-zangar ta yi ƙamari a Zariya, aka turo sojoji, aka harbe ɗalibai da dama, gwamnatin Obasanjo kuma ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara takwas, jerin gwanon tunawa da waɗanda suka mutu a 1978 ya ratsa ta gidan Amina, hukumar jami'a ta hukunta shugabannin ɗalibai bisa laifin shigar maza gidan mata, ɗalibai suka mayar da martani da neman shugaban jami'a, Ango Abdullahi, ya sauka. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka nesa, kuma rikicin ya bazu zuwa jami'o'in ƙasar. Kwamitin bincike na Janar Emmanuel Abisoye ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan malaman da ya ce ba sa koyar da abin da ake biyan su su koyar, zargin da ya daɗe ana jayayya a kansa. Rigingimun cikin gida na shekarun 1990 sun kai ga gwamnati ta naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar daga 1995 zuwa 1998. A yau majalisar wakilan ɗalibai ce ke magana da yawunsu, kuma muryarta ba ta kai ta ƙungiyar wancan zamani kauri ba.

Samaru da jami'a

Titi ɗaya ne ya raba harabar jami'a da garin Samaru, wanda a tsarin mulki yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Ɗaliban da ba su sami gado a ciki ba suna kama haya a Samaru da Hayin Dogo da Palladan da Zango, inda ƙarancin ruwan famfo, tsohuwar matsalar Zariya, ya sa kuɗin 'yan garuwa ya zama wani ɓangare na kasafin ɗalibi. Masu gidajen haya da masu shayi da masu buga takardu da ɗaure kundin bincike da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da 'yan kasuwar Samaru duk da kalandar jami'a suke lissafi. Hakan ya fito fili a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya ɗauki wata tara a 2020, ya kuma ɗauki wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A waɗannan watanni shaguna da yawa a bakin ƙofofin jami'a sun rufe, kuɗin hayar da ɗalibai suka biya ya ƙare ba su zauna a ɗakunan ba, kuma zangunan karatu suka jirkice ta yadda jami'ar ta shafe shekaru tana ƙoƙarin daidaita ɗaukar sababbin ɗalibai da lokacinsa.